An biya kafin alƙalami, motar lantarki ba ta iso ba: har yaushe za ki jira?

Idan gidanku na cikin gidajen da suka biya kuɗin sabuwar mota mai amfani da lantarki, aka ce "nan da sati shida tana ƙofar gida", yau ga shi an shiga wata na huɗu ana ta gafara sa ba a ga ƙaho ba, to da ke nake. Ke ma da har yanzu kuke kan shawara da maigida, ki ɗan tsaya ki karanta kafin a tura kuɗin.

Ba wanda zai ga laifinku. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, farashin hukuma na litar fetur bai kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama. Uwar da ke kai yara makaranta da safe, ta ɗauko su da rana, ta mayar da su Islamiyya, ta biya kasuwa, ita ta san abin da tanki ke ci a mako. Ga motocin kuma sun fara zama abin gani da ido. Tun 2020 aka nuna Hyundai Kona mai lantarki da aka haɗa a Legas, a 2021 hukumar NADDC ta buɗe wajen cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a Maiduguri kuwa jama'a sun riga sun saba hawa motocin haya masu lantarki. A 2025 kamfanin BYD na China ya shigo Najeriya a hukumance. Sai dai har yanzu yawancin masu saye ba sa tarar da motar a ajiye su biya su tuƙa. Oda ake yi, a biya wani kaso, a zauna jira. A wannan zaman jiran ne kuɗin iyali ke cikin haɗari.

Ba ku kaɗai ba ne

Jinkiri tsohon hali ne a wannan kasuwa, har a ƙasashen da ake ƙera motocin. A ƙarshen Maris na 2016 kamfanin Tesla na Amurka ya nuna motarsa Model 3, ya ce mai so ya ajiye dala 1,000. Cikin mako guda mutum sama da 325,000 suka ajiye. Sai a Yulin 2017 aka miƙa motoci 30 na farko, su ma ga ma'aikatan kamfanin. A wata uku na Yuli zuwa Satumba na wannan shekarar, guda 260 kacal masana'antar ta iya ƙerawa. Mai sauƙin kuɗin da ta ja hankalin talaka, ta dala 35,000, ba ta fito ba sai a Fabrairun 2019, kusan shekara uku bayan alƙawari.

Ta Cybertruck ta fi wannan. An nuna ta a Nuwamban 2019, aka ce za a fara ƙera ta a ƙarshen 2021, mafi arha a kan dala 39,900. Ba a miƙa ta farko ba sai 30 ga Nuwamban 2023, kuma mafi ƙarancin farashin da aka sanar a ranar ya haura dala 60,000. Wato mai jira ya yi shekara huɗu, ya zo ya tarar da wani farashin daban.

A China ma haka. A Yunin 2025 kamfanin Xiaomi, wanda da yawanmu muka sani da wayar Redmi, ya fito da motarsa YU7, ya ce ya samu oda 200,000 cikin minti uku. Da mutane suka tabbatar da odarsu, sai wasu suka ga an rubuta musu jiran da ya haura shekara guda, alhali yuwan 5,000 ɗin da suka ajiye ba ya dawowa bayan an tabbatar. Ƙorafi ya yi yawa. Akwai kuma mafi muni: kamfanin Fisker na Amurka ya durƙushe a Yunin 2024, ya bar masu motocinsa suna neman inda za su samu kayan gyara.

Amma ki lura da abu ɗaya. Ba'amurken da ya yi shekara huɗu yana jiran Cybertruck dala 100 ya ajiye, kuma duk ranar da ya gaji zai iya karɓar abarsa. Mu a nan rabin kuɗin mota ake karɓa, wani lokaci ma duka. Kuɗin nan kuwa kin san daga ina ya fito: kwasar adashi, filin da aka sayar, wani gidan har da 'yan kunne da sarƙar gwal ɗin uwargida. Shi haƙurinsa kawai yake kashewa, ku kuwa dukiyarku ce a hannun wani.

Ranar da aka ba ki

A ɗakin awo muna ba mai ciki ranar haihuwa, wadda kowa ke kira EDD. Kwana 280 muke lissafawa daga ranar farko ta jinin ƙarshe. Duk ma'aikaciyar jinya ta san jariri kusan ɗaya cikin 20 ne ke zuwa a ainihin ranar, shi ya sa idan ta wuce da kwana uku ba ma tayar da hankalin kowa. Amma ba ma sakin uwa haka nan mu ce ta je sai ta gani. Muna auna ciki, muna sauraron bugun zuciyar jariri, muna tambayar motsi, in ta kama a yi sikanin. Kuma akwai iyaka da aka sani tun farko: idan aka cika sati 41 likita zai fara maganar tayar da naƙuda, ba a son a wuce 42.

Haka nake so ki ɗauki ranar da dila ya ba ku. Wucewarta da sati biyu ko uku ba abin tashin hankali ba ne. Abin tsoro shi ne jiran da ba a ganin alamar motsi a cikinsa, kuma ba a yanka masa iyaka ba. Shi ne jiran gawon shanu.

Alamar motsi a nan takardu ne. "Tana kan hanya, Hajiya" ba amsa ba ce, domin hanyar tana da zango uku, kowanne da shaidarsa.

Zango na farko masana'anta. Duk motar da aka gama ƙerawa tana da lambar shasi, haruffa da lambobi 17, wadda babu wata mota a duniya mai irinta. Idan an ce an ware muku mota, a ba ku wannan lamba. Wadda aka ƙera a China takan fara da harafin L. Na goma a jerin yawanci shekarar motar yake nunawa: R na nufin 2024, S na nufin 2025. Dilan da ya yi wata biyu da kuɗinku bai iya kawo lambar shasi ba, to babu wata mota da aka ware da sunanku tukuna, ko da ya turo hoto goma. Hoto kowa na iya samu.

Zango na biyu teku. Idan an yi lodi akwai takardar lodin jirgi, mai ɗauke da sunan jirgin, tashar da ya tashi, tashar da zai sauke, da lambar shasin ko ta kwantena. Da sunan jirgin kaɗai, ke da kanki za ki iya buɗe MarineTraffic ko VesselFinder a wayarki ki ga inda yake a kan ruwa. Daga China zuwa Legas tafiyar takan ci wata ɗaya da 'yan makonni, ta fi haka idan an sauke kayan a wata tasha ana jiran wani jirgin. Neman gurbi a jirgi ma matsala ce ta gaske, shi ya sa BYD ya shiga harkar jiragen dakon mota da kansa, na farko mai ɗaukar mota 7,000 ya fara aiki a Janairun 2024. Batirin litiyam kuma yana cikin kayan da ake yi wa ƙa'idoji na musamman a teku saboda gobara, don haka takardunsa sun fi na motar fetur ɗaukar lokaci.

Wani uzuri da ake yawan kawowa shi ne rikicin Bahar Maliya. Gaskiya ne hare-haren 'yan Huthi sun sa jirage kauce wa mashigin Suwez, har Tesla ya dakatar da aiki na mako biyu a masana'antarsa ta kusa da Balin a farkon 2024. Amma jirgin da ya nufo Legas kai tsaye daga China dama ta ƙasan Afirka ta Kudu yake zagayowa. Idan an kawo miki wannan uzurin, ki tambaya ko ta Turai aka biyo da motar, kuma a nuna a takarda.

Ki kuma tambayi inshorar teku, da sunan wa aka yi ta. Ba fata ake ba, amma jirgin Felicity Ace ya kama da wuta ya nutse a Maris na 2022 da motoci kusan 4,000, Morning Midas kuma ya nutse a Yunin 2025 da kusan 3,000 bayan ya taso daga China. Duk motar da ke ciki akwai mai jiranta a wani gida.

Zango na uku tashar jirgin ruwa, Tin Can ko Apapa. Nan ne mota kan iso lafiya ta yi makonni a tsaye saboda takardun kwastan ba su cika ba, ko kuɗin fito bai samu ba. Kowace rana ta ƙaru bayan kwanakin kyauta, kuɗin ajiya na hawa, kuma sau da yawa a ƙarshe kan mai saye ake juyo da shi. A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT daga motocin lantarki, saboda haka idan kin gan shi a lissafin da aka ba ku, ki nemi bayani.

Naira ba ta jira

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi cin mutane, kuma ba a cika faɗarsa ranar ciniki ba. A ƙarshen Disamban 2023 dala ɗaya tana wajen naira 900 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ki ɗauka iyali sun biya rabi, saura dala 10,000 da za su cika idan mota ta iso. A Disamba cikon naira miliyan 9 ne. Jinkirin wata biyu ya mayar da shi miliyan 15. Kuɗin fito ma da farashin dala kwastan ke lissafa shi, kuma ba lalle ya zama na ranar da kuka yi oda ba.

To wa zai ɗauki wannan bambancin? Idan takarda ba ta faɗa ba, ku ne. A ganina ba adalci ba ne mai saye ya biya kuɗin jinkirin da ba shi ya jawo ba. Don haka a rubuta farashin ƙarshe da naira, ko a rubuta cewa idan mota ta wuce ranar da aka yanka, da farashin dalar wannan ranar za a yi cikon.

Na san yadda abin yake a wajenmu. Dilan abokin maigida ne, ko ƙanin mijin yaya, ko wanda ake sallah sahu ɗaya da shi. Ana jin nauyin a ce masa ya rubuta. Sai a tura miliyoyi a asusunsa na kansa, shaidar kawai saƙon banki da "na gani, Allah ya sa albarka" a WhatsApp. Idan maigida yana jin kunya, ke ki ɗauki laifin. Ya ce uwargida ce ta matsa, da kuɗin gwal ɗinta a ciki. Zumunci ya fi daɗewa idan akwai takarda a tsakani, don ranar da aka samu saɓani ita za a duba, ba a tara dangi ana rantse-rantse ba.

Takardar ba sai ta yi tsawo ba. Sunan kamfani mai rajista da CAC (ana iya dubawa a shafinsu na intanet), da asusun kamfanin ba na mutum ba. Samfurin motar, launinta, girman batirinta, shekararta. Ranar da ake sa ran isowa, sannan rana ta biyu, wadda ita ce sati 42 ɗinku: idan ta wuce babu mota, kuɗi zai dawo cikin kwana kaza, ba tare da an zaftare komai ba. In da hali a raba biyan, kaso ɗaya ranar oda, kaso ɗaya idan an nuna takardar lodin jirgi, sauran ranar karɓar makulli.

Ku da kuka riga kuka biya babu wannan sharaɗin, ƙofa ba ta rufe ba. Ku rubuta wa dilan wasiƙa, cikin mutunci, ku nemi lambar shasi da takardar lodi, ku sa ranar da kuke son amsa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar soke odar da ya yi, tare da cire wani abu daidai misali na sokewar, kuma hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafi. Amma da shaida ake zuwa. Kada ki goge saƙo ko ɗaya, har saƙon murya.

Kada ki zubar da ruwan tulu

Wata abokiyar aikina ta sayar da tsohuwar motarta 'yar Kwatano don cika kuɗin sabuwa, saboda an ce mata sati shida ne. Wata biyar ta yi. Na sha ganin ta a bakin get bayan dutin dare tana jiran A Daidaita Sahu, ido ya yi ja, ga yara uku da za a kai makaranta kafin ƙarfe takwas. Kuɗin hayar da ta kashe a watannin nan ya cinye wani babban kaso na ribar man da take lissafi. Daren da ƙaramin ɗanta ya yi zazzaɓi har da jijjiga, maigidan yana tafiya, ƙofar maƙwabta ta buga ƙarfe biyun dare. Yaron ya samu lafiya, motar ma daga baya ta iso, kuma tana jin daɗinta. Amma na ga abin da jiran ya yi mata.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, a nan na fi tsayawa. Gidan da ke da mai tsohon ciki, ko yaro mai sikila, ko mai asma, ko tsoho mai hawan jini, mota a wajensu ba ado ba ce. Naƙuda da zubar jini ba sa duba agogo. Hangen hadari bai kamata ya sa a zubar da ruwan tulu ba. Idan dole sai an sayar da tsohuwar kafin kuɗi ya cika, a yi ciniki da sharaɗin miƙa ta ranar da sabuwa ta iso, ko a rage farashi kaɗan don mai saye ya yarda. In hakan bai yiwu ba, tun yau a samu mutum biyu masu abin hawa da suka amince a tashe su da dare, lambobinsu na wayar kowa a gidan.

Lokacin jiran kuma akwai aikin da za a yi da shi. Motar da batirinta ke cin yunit 60, kamar BYD Atto 3, idan aka jona ta a soket ɗin gida na yau da kullum sai ta haura kwana guda kafin ta cika daga ƙasa. Da na'urar caji ta bango mai kilowat 7, dare ɗaya ya isa, wajen awa tara zuwa goma. Amma fa sai wayoyin gidan za su iya ɗauka. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba waya, ya duba wayar ƙasa, ya ja wa cajar layinta daban da abin katse wuta. Kada a yi jone-jone da doguwar wayar da ake ja wa firji. Mun ga isassun ƙunar wutar lantarki a asibiti, kuma yara ne ke wasa a tsakar gidan. A ɗaga cajar inda hannunsu ba ya kaiwa, a yi mata rumfa saboda rana da ruwa.

Ki yi lissafin wutar unguwarku da gaske. Masu layin Band A, da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, an mayar da yunit ɗinsu naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan rage. Ko a wannan farashin, cika batiri mai yunit 60 bai kai naira 14,000 ba, kuma a takarda zai yi tafiyar kilomita 400 da ɗoriya, ko da yake zafi da na'urar sanyaya mota da gudu suna rage shi. Idan kuwa wutarku ta awa huɗu ce, kuma solar gidan fanka da fitila kawai take ɗauka, gara ku san da haka yanzu. Cajin mota da janareta mai shan fetur komawa gidan jiya ne.

Ki tambayi bakin cajin motar tun tana hanya. Motocin da aka ƙera don kasuwar cikin China suna da nasu bakin, GB/T, waɗanda aka ƙera don fitarwa kuma galibi irin na Turai ne. Idan kuka sayi caja kafin ku sani, za ta iya ƙin shiga. Motar kasuwar cikin China kan zo da allonta cikin Sinanci, kuma garantin kamfani ba lalle ya biyo ta Najeriya ba. A rubuta wanda zai ɗauki nauyin batiri idan ya samu matsala, da garin da za a kai ta gyara.

Ranar da ta iso, a bar guɗa da hoto sai an gama dubawa, kuma da rana tsaka, ba da magariba ba. A gwada lambar shasin da ke ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofa da wadda ke takardun kwastan, harafi bayan harafi. A duba shekarar ƙira da kilomitar da ta yi. Motar da ta yi watanni a tsaye a rana, ƙaramin batirinta mai bolt 12 kan mutu ko ya yi rauni, tayoyi kan sace, don haka a duba su. A tabbatar wayar caji na ciki, da makulli biyu. Sannan a jona ta a cajar gidanku, dila yana tsaye, a ga lambar batirin tana hawa kafin maigida ya tura cikon kuɗin.